Daliyar Likita

Greensboro, 27 ga Oktoba, 2002

Zuwa ga Hamsatou, uwargidana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga mijinki, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Djamila da Inna da duk mutanen gida. Yaya ciwon gwiwar Inna? Yaya ɗinki, kin fara taɓa kayan salla ko har yanzu kina ce wa mutane su dawo gobe? Ni nan lafiya ƙalau, sai kewarku da sanyin da ya fara leƙowa.

Kin ce tun da na bar aikin ɗaukar kaya a High Point Road cikin watan Yuni ban taɓa gaya miki ainihin abin da nake yi ba, wai ko kunya nake ji. To, kunyar ce. Ki gyara zama kafin ki yi dariya: furanni nake nomawa. Ni Djibrilla, wanda kike kira Sarkin Noma in kina neman tsokana, ga ni ina ban ruwa ga abin da ba a ci, ko akuya ba a ba ta. Kowace safiya nakan hau bas daga Glenwood zuwa wata unguwar masu hali da ake kira Irving Park, in sauka in ƙarasa da ƙafa. Can babu mai taka ƙasa sai ni da masu yawo da karnuka.

Mai gidan wata tsohuwa ce, Madam Roseline, ta haura tamanin, ita kaɗai a gidan da zai ɗauke zuriyarmu har da baƙi. Idonta ya yi rauni, sai ta kawo abu dab da hanci take gane shi. Amma ba ta da raini. Takan sa a kawo mini kofi bakin garka, ta tambayi sunanki, ta faɗe shi a karkace, mu yi ta dariya.

Furen da ta fi so sunansa daliya. Lokacin da na kama aiki na tarar an riga an dasa su, sun kai gwiwa, ganye kawai, ban ko kula su ba. Yanzu da zafi ya sauka, Hamsatou, sai ki ce shagonki aka zazzage a ƙasa. Ja, ruwan goro, ruwan ƙwai, fari fat, wani ma kala biyu a fure ɗaya. Da safe in raɓa na kansu nakan tsaya da tiyo a hannu in manta abin da na zo yi, har ruwa ya cika mini takalmi. Abin mamaki, ba su da ƙamshi ko kaɗan. Na sunsuna na sake sunsunawa, shiru.

A jikin shingen baya akwai gindi uku iri ɗaya, su ake kira daliyar Likita. Marigayi mijinta likitan haƙori ne, shi ya fitar da ita da hannunsa shekara talatin da ɗaya da suka wuce, kuma babu ita a kasuwa, babu ita a garkar kowa sai nan. Girmanta kamar tafin hannunki in kin buɗe, launinta kuwa tsakanin cikin gwaba da madara, na rasa sunan da zan ba shi. Ke da kika san sunan kowane zare, da kin gani da kin faɗa. Duk Juma'a Madam takan yanko ɗaya ta sa a kwalba gaban hoton mijin.

Ranar Talata ta zame a matakala, ƙashin ƙugunta ya karye. An yi mata aiki, an ce za ta daɗe kafin ta dawo. An rufe gidan, har Celina mai gyaran ɗaki an ba ta hutu. Na je asibiti dubiya. Cikin magagin magani ta riƙe hannuna ta ce sauran furannin in ƙyale su, duk shekara sababbi take zaɓa, amma ta Likita in adana mata ita kafin sanyi ya kashe ta. Ta fara yi mini bayanin yadda ake yi, na ga numfashinta na wahala, na ce ta huta, adana iri aikin gidanmu ne tun kakanni.

Kin san ba cika baki na yi ba. Kin sha ganin Baba yana ratsa gona kafin girbi yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure daminta daban, damin da ko a yunwar tamanin da huɗu bai bari an sussuka ba. Haka na yi jiya. Na bi gindin nan uku ɗaya bayan ɗaya, na zaɓi kawuna bakwai da suka bushe a kan uwar da ta fi ƙarfi, na murje su a kan jarida. Ƙwaya arba'in da uku, baƙaƙe, kamar kanumfarin da aka take. Suna cikin ambulan, ambulan ɗin cikin gwangwanin madara a saman kabad. In sanyi ya ƙone ganyen zan sare karan in share wurin yadda ake yi wa gona.

Azumi ya matso. Ki ce wa Inna ta yi mini addu'a, wannan ne na uku da zan sha ruwa ba a gabanta ba. Ki gaida Ousseini, ki ce wansa na jiran labarin girbi. Ki shafa mini kan Djamila.

Mijinki mai kewarki,
Djibrilla


Greensboro, 16 ga Fabrairu, 2003

Hamsatou tawa,

Sallama da gaisuwa, da barka da sallar layya. Ina fatan kun yi ta lafiya, kuma Inna ta samu hanta mai laushi. Yaya jikinki, yaya tarin Djamila? Na ga hotonta da rigar da kika ɗinka, ta yi tsawo har na ji tsoro.

Ban ba ki labarin ƙaramar salla ba don kada hankalinki ya tashi. An yi ruwan sama da ke daskarewa in ya taɓa abu, gari ya wayi kowane reshe sanye da gilas, itatuwa na ta karyewa, wutar kuran ta ɗauke kwana da kwanaki. Mun yi idi cikin manyan riguna, muna ganin numfashin juna. Bayan nan kuma sai ruwa, ruwa ba ƙaƙƙautawa, ƙasar nan ja ce mai danƙo, ba ta shanyewa. Na leƙa garkar sau biyu na ce alhamdu lillahi da iri na cikin gwangwani.

Madam tana gidan jinya tana koyon tafiya. Duk Lahadi nakan je, kuma mun samu abin yi. Akwai littafin da masu sayar da daliya ke aiko mata, shafi bayan shafi hoton fure ne da sunansa. Ita tana riƙe da gilashin ƙara girma, ni ina karanta mata ina faɗin launi. A ɗakin nan mai warin magani, taga na nuna itatuwa tsirara, mu kuwa muna can cikin watan Satumba muna shirya garkar da ba ta wanzu ba tukuna.

Ashe zaɓen fure ma ilimi ne. Na bakin hanya, waɗanda ke yi wa garka ƙawanya, gajeru take so, kada su wuce gwiwa, masu yaɗo da yawan rassa, waɗanda za su tsaya ba a kafa musu sanda ba. Ta fi son masu ganye mai duhu don ko babu fure wurin ba zai yi tsirara ba. Bayansu a sa matsakaita, dogaye can ƙurya. Na yanka kuwa, waɗanda ake kai wa ɗaki, ba a haɗa su da na kallo, kunyarsu daban bayan gareji, layi-layi kamar gonar gaske. Su abin dubawa kara ne: dogo, miƙaƙƙe, wuya mai ƙarfi, fure dunƙulalle da zai kwana biyar ko shida a ruwa bai zube ba. Ta ce da sanyin safiya ake yanka, kuma sai ya buɗe, don in an yanke shi a tsuke haka zai mutu a tsuke.

Ni idona ya tafi kan wasu manya, girman faifai, wallahi ba ƙari. Ta yi dariya har mai jinya ta leƙo, wai kowane namiji su yake zaɓa a shekarar farko, ruwa ɗaya za a yi wuyansu ya karye. Na ji haushi kaɗan, don ni da kaina na san ba zangarniyar da ta fi girma ake ɗauka iri ba, wadda ta tsaya wa iska ake ɗauka. Hoto ne ya ruɗe ni. Duk da haka ta bar ni na zaɓi uku. Na ɗauki wata mai launin kofi da madara, da wata 'yar mitsitsiya ruwan goro, da wata ja mai duhu kamar zoɓon da kike jiƙawa. Wannan ta ƙarshe taki ce, ko ba ki sani ba.

A hanyar komawa na jingina kai da gilashin bas, sai ga ni a tsakar gidanmu na Maradi. Duk inda muke shanya ya zama fure, gajeru daga ƙofar zaure har bakin rijiya, dogaye a jikin katanga. Kina ratsawa cikinsu da zaren awo a wuya, kina faɗa wai wa zai share wannan ganye. Na wuce tashata har biyu.

Ta tambaye ni daliyar Likita, ko tana wuri mai sanyi, ko ina dubawa kada ta ruɓe ko ta bushe da yawa. Na ce hankalinta ya kwanta. A raina na ce tsufa ke nan, ina aka taɓa jin iri ya bushe da yawa? Farkon Maris zan shuka su a kwalin ƙwai a tagar ɗakina, kafin ta dawo sun yi ƙwari.

Ki gaida Inna da Ousseini da iyalinsa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naki har kullum,
Djibrilla


Greensboro, 20 ga Afrilu, 2003

Hamsatou,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya ke da yarinya da Inna, kuma zafin bazara bai matsa muku ba. Jikina lafiya. Zuciyata ce ba lafiya, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai ke.

Ranar Laraba kwalayen da muka zaɓa suka iso. Celina ta dawo don ta shirya gida, ita ta karɓa. Na buɗe ina zaton ƙunshin ƙwaya zan gani, sai ga wasu abubuwa kamar dankali cikin garin katako, kowane da sunansa a rubuce a jiki. Na ce an yi kuskure an aiko mana kayan miya. Celina ta dube ni. Ita 'yar Mexico ce, can ne asalin furen, kakarta ma tana da shi a bayan ɗaki. Ta tambaye ni ina na ajiye na Likita. Na ce cikin gwangwanin madara suka kwana, yanzu kuma sun tsiro a tagata. Ta dafa tebur ta zauna.

Da Ingilishinta da nawa da nunin hannu ta fahimtar da ni. Daliya a ƙarƙashin ƙasa take ajiye kanta. Wannan dankalin ake tonewa bayan sanyin farko, a shanya, a ɓoye cikin garin katako, a raba shi in bazara ta zo. Shi ke fitar da uwa sak. Ƙwaya kuwa, ƙudan zuma ya riga ya yi yawo daga wannan fure zuwa wancan, kowace ƙwaya da fuskarta take zuwa. Na ce mata a garinmu barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ta ce ban da wannan fure.

Na ɗauki cokalin tono na ruga shingen baya. Hamsatou, karan daliya rami gare shi a ciki. Da na sare su kamar karan hatsi na bar baki buɗe, duk ruwan hunturu ta nan ya bi ya sauka. Na tona gindi na farko, baƙin taɓo mai wari. Na biyu haka. Na uku na ajiye cokali na bi da yatsu ina murza ƙasa ko zan samu ɗan guntu mai rai, har la'asar ta wuce ni. Babu.

Madam ta buɗe baki a asibiti za ta gaya mini, ni na rufe mata shi. Matambayi ba ya ɓata, amma mijinki ya fi ƙarfin tambaya, shi ɗan gidan masu iri ne. Girman kai rawanin tsiya, yau na ɗaura shi har ya rufe mini ido.

Cikin arba'in da uku, ashirin da tara sun fito. Celina ta ce samun mai kama da uwar sai a cikin dubbai, Likitan ma cikin ɗaruruwa ya tsinci tasa. Na ce to ai daga ƙwaya ta fito tun farko, wanda ya fitar da ita sau ɗaya bai gaza na biyu ba. Zan dasa su duka a jikin shingen, in kafa wa kowace sanda da lamba. Celina ta ce ba za ta kai ƙarata ba, amma in an tambaye ta ba za ta yi ƙarya ba.

Ban gaya wa Madam ba. Tana dawowa cikin Mayu da murna, ban san da wane baki zan fara ba. Ba korar nake tsoro ba, Allah ya sani. Amana ta ba ni hannu da hannu. Don Allah kada Ousseini ya ji wannan.

Mijinki,
Djibrilla


Greensboro, 24 ga Agusta, 2003

Zuwa ga Hamsatou, mai gaskiya ko da ɗaci,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya damina, yaya Inna, yaya Djamila da hutun karatu a lakwal? Na ji daɗi da kika ce hatsi ya fara fitar da kai.

Takardunki biyu sun iso, na karanta faɗan duka. Kin ce ke in kika ɓata yadin mutum a ranar kike kiransa, ba kya jira sai ya zo gwaji. Kin ce jiran da nake yi ba tawakkali ba ne, tsoro ne ya sa rigar malamai. Na ji zafi, na ninke takardar na sa ƙarƙashin sallaya, na kuma ɗauko na sake karantawa. Ban ce kin yi ƙarya ba. Amma ki bari in gaya miki yadda abin yake.

Madam ta dawo da keken dogarawa. Iyakarta baranda, ciyawa ba ta takuwa gare ta. Daga can ta hango kore a jikin shinge, ta yi mamakin yawansu, ta ce lalle na iya rabo. Na sunkuyar da kai, ta ɗauka kunya ce.

Waɗanda muka zaɓa sun yi yadda ta faɗa. Gajerun sun rufe bakin hanya ruf, masu yanka sun miƙe bayan gareji, taki mai launin zoɓo ta kwana shida a ruwa ba ta zubar da ko ɗaya ba. Amma ni hankalina na kan ashirin da taran nan. Bas na farko nake hawa, in iso hazo bai tashi ba, in bi su lamba-lamba. Toho yakan kwana uku yana ɗan buɗe baki, kwana ukun nan kuwa kowace cikinsu daliyar Likita ce a idona. Nakan tsaya gabansa ina roƙon Allah kamar mai jiran haihuwa. Sai ya buɗe. Lamba huɗu ruwan ƙwai ce mai ganye takwas kacal. Lamba tara shunayya. Sha biyu fara da ɗigon ja. Wasu munana, wasu kuma kyawunsu har ya ba ni haushi, don ba su nake nema ba.

Ga abin da ban so ki sani ba. Duk wadda ta buɗe da baƙon launi, yanke ta nake yi kafin Madam ta fito baranda, in sa a jaka in tafi da ita gida. In ta tambaya me ya hana ta Likita fure, in ce zafi. Ɗakina yanzu ya cika, gwangwani a taga, gwangwani a kan firij, har cikin kofin shan ruwa. In na dawo da yamma rana ta bugo su, nakan zauna tsakiyarsu in rasa a wace ƙasa nake. Babu wanda ya taɓa ganin irinsu a duniya sai ni, kuma ba ni da bakin nuna wa kowa.

Ranar Alhamis lamba sha bakwai ta buɗe. Na matsa kusa. Girman ɗaya, launin gwaba da madara, wuya mai ƙarfi. Na yi sujada a kan ciyawa. Da na ɗago na duba da kyau, na juya bayan furen, sai na ga ba ita ba ce. Ta Likita kowane ganyen furenta yana da ɗan siririn layi a baya, wannan babu. Ta kuma fi ta haske kaɗan. Mai ido zai gane. Madam ba ta da ido.

Juma'a na yanko na kai mata. Ban ce ita ce ba, na dai sa mata a hannu. Ta kawo ta dab da fuska, ta shafa da yatsa, hawaye suka zubo. Ta ce a asibiti ta fi tsoron kada ta sake ganin furen nan a kan tsoron kada ta sake tafiya. Ta yi mini godiya har sau uku. Celina ta juya ta shige kicin.

Yanzu ki gaya mini, in na yi magana wa na taimaka? Tsohuwa tana cikin farin ciki, kwana nawa suka rage mata? Haka nake gaya wa kaina a bas, kuma yakan zauna mini daidai har in sauka. Sai in shiga falo in ga kwalbar gaban hoton mutumin, in kasa haɗa ido da hoto.

Ki yi mini addu'a, ki rage faɗa kaɗan. Ki gaida kowa.

Mijinki,
Djibrilla


Greensboro, 19 ga Oktoba, 2003

Hamsatou, sanyin idona,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da Djamila, da fatan kun ga ƙarshen damina lafiya kuma rumbu ya cika. Ni ina nan da rai da lafiya.

Na gaya mata.

Ba jarumta ba ce, kada ki yabe ni. Ranar Litinin ta kira ni baranda ta ce sanyi ya kusa, bana tana so in mun tone daliyar Likita a raba ta kashi huɗu. Ɗaya na 'yarta, biyu na jikokinta, ɗaya ya zauna nan. Ta ce karayar nan ta koya mata kada a ajiye abu wuri ɗaya. Har ta sa Celina ta rubuta sunan Likita a kan 'yan katako huɗu. Na dubi katakon nan. Rufe baki gaban tsohuwa ɗaya daban, ba wa mutane irin ƙarya da sunan na gaskiya daban. A garinmu kin san wanda ya yi haka ba a sake karɓar ko gaisuwarsa. Yaran nan za su shuka ta shekara da shekaru suna nuna wa 'ya'yansu suna cewa ta kakanku ce.

Na cire hula na faɗa mata duka, daga gwangwani har furannin da na riƙa sacewa da safe. Ban tsallake komai ba. Ba ta katse ni ba, ba ta yi kuka ba. Da na gama ta kira Celina ta ce a ɗauke kwalbar daga gaban hoto a kai kicin. Sannan ta ce in tafi gida.

Kwana uku ina ɗaki. Ranar Alhamis Celina ta bugo waya ta ce ana nemana.

Na same ta a baranda da bargo a ƙafa. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Ta ce abin da ya fi yi mata ciwo ba mutuwar furen ba ne, makonni takwas ɗin da ta yi tana kai wa mijinta baƙuwa tana gode mini. Ta ce aikin na nan in ina so. Lamba sha bakwai a tone ta a adana, a rubuta mata lambarta kawai. Sauran kuma in bar su su buɗe a fili, in zaɓi waɗanda suka isa a ajiye, gajeru don bakin hanya, masu wuya don yanka, tunda yanzu na san yadda ake duba su.

Na miƙe zan kama aiki ta ce in zauna. Ta ce tana da hotunan furen a akwati amma ba sa yi mata amfani, rabonta da ganinsa tar shekara shida. Ni ne mutum na ƙarshe da ya tsaya gabansa da ido mai kyau. Ta ce in faɗa mata yadda yake.

Na fara da girmansa. Na faɗi yadda ganyen waje ke lanƙwasawa baya kaɗan, yadda launin ke da ƙarfi a gindi ya riƙa dusashewa har ya zama madara a baki, da siririn layin nan na baya, da yadda karan ke da ɗan ja-ja kusa da wuya. Ta lumshe ido. Ingilishina ya ƙare a hanya, na ci gaba da Hausa, ba ta hana ni ba. Rana na dukan garkar, zuma na ta kai da kawo, ni ina magana, har na ga furen tsaye a jikin shinge kamar bara. Na tabbata ita ma tana ganinsa.

Sai ta tambaye ni, idonta a rufe, wane launi ne can tsakiya, inda ganyen ke tsuke kafin su gama buɗewa. Na duba cikin kaina. Na ga gefen, na ga bayan, na ga raɓa a kai, tsakiyar kuwa ta ƙi zuwa. Ko kore-kore ce, ko ja mai duhu, ko lamba sha bakwai ce ke shigo mini. Kalma ɗaya zan faɗa ta karɓa, babu wanda ya rage a duniya da zai ƙaryata ni. Na ce mata ban sani ba.

Ta buɗe ido. Sannan ta ce ita ma ta manta.

A nan ne na yi kuka, Hamsatou, gaban mace, ban ko juya baya ba. Ta bar ni na gama. Muka zauna har inuwa ta rufe barandar.

Azumi saura mako. Ki sa ni cikin addu'ar shan ruwa, ki sa tsohuwar nan ma. Ki gaida Inna, ki rungume mini Djamila. Ousseini kuwa, in kin ga dama ki gaya masa.

Ni ne mijinki,
Djibrilla